Ranar da Aka Kira Sunansa a Ƙaura

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan, amma wagga ba tatsuniya ba ce.

Shekara shida ke nan da rasuwar ɗana na fari. Ni ban yi boko ba. Ɗiyarsa Hassana ce ke rubuta abin da nake faɗa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, don a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane.

Da in'ina ya tashi. In zai ce a ba shi ruwa, sai mai ba shi ya gaji da jira. A ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, abokin wasansa Mamman yakan ce masa, "Fara gaisuwar tun yanzu, ka gama kafin la'asar." Sai ya sunkuyar da kai. Amma in ya duƙa noma yana waƙa, harshensa ya kwance sarai, kamar ba shi ba.

Wata kaka aka yi shelar gasar waƙar noma a Ƙaura, wanda ya ci a ba shi babur. Ya ce zai je. Mamman ya yi dariya har da hawaye. Ni na ce zan kai daddawa kasuwa, munka hau mota ɗaya, ban dube shi ba.

Ina bayan taro da ƙwaryata aka kira sunansa a lasifika. Kafin ya iya faɗin sunan garinmu, filin ya ɗauki dariya. Ya tsaya har sunka gama, sannan ya ɗaga murya. Ya yi waƙar geronmu da fadamarmu, ba makaɗi, ba 'yan amshi. Wani mutumin Shinkafi mai ganguna ne ya tafi da babur. Nawa ko na ukun bai zo ba.

A hanya ya ce, "Inna, sun yi dariya, kuma ban mutu ba." Na ce masa ya gyara zama, yana danne mini ƙwarya.

Daga ranar bai sake sunkuyar da kai ba. In'inar tana nan, kunyarta ce ta tafi. Ya riƙa magana a ƙofar masallaci, ya riƙa raba rigimar iyakar gona, mutane sunka koyi jiransa.

Sai mutanen daji masu bindigogi sunka zo, sunka ce ba mai yanke gero sai da izininsu. Ana son wanda zai je ya roƙe su. Masu baki a garin duk sunka dubi ƙasa, har da Mamman. Ɗana ya ce, "Ni na saba tsayawa gaban masu dariya." Ya je ya dawo, aka yi girbi. Ya je ya dawo. Har ranar da ya je, aka dawo da shi.

Yau da zai ɗago ya gan mu, me zai ce? Muna ɗakin haya bayan kasuwar hatsi ta Ƙaura, mu da ke da rumbu muna awon gero da tiya. Fadamar da ya yi wa waƙa ta zama ciyawa. Nakan ce da bai je gasar nan ba, da yana nan, shiru, da ransa. Sai kuma in tuna yadda yake tafiya bayan gasar, kafaɗa a miƙe. Allah ne ya san wanne ya fi. Ni dai na ga duka biyun.

Abin da ya sa na yi magana bana shi ne Hassana. An sa gasar waƙa a makarantarsu, ta ce za ta shiga. Uwarta Dije ta ce, "Inna, ki hana ta. Wagga hanya mun san inda take ƙarewa."

Mutumin Shinkafi, an ce mini, mutanen daji sun ƙwace baburin a hanyar Galadi. Mamman yana dako a tasha, ba ya tsokanar kowa yanzu. Dije tana tuyar ƙosai. Ɗana kuwa yana kwance a ƙauyen da ba mu iya zuwa, Allah ya jiƙansa.

Hassana na ce mata ta je, ta ci ko kar ta ci. Zan tsaya bayan taro. In an kira ta a lasifika, da sunan ubanta za a haɗa, in sake jin sa da ƙarfi.