Akwatin Jita da Ya Kama Tashar Rediyo

Tsufa ya fara goge mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai na yi lalube, amma wahalar da wani malamin firamare ya ba mu ni da taubashina a kan ɗan akwatin jita, wannan kam da ita za a kai ni kushewa. Har yau in na tuna sai na ji tsaki ya ƙwace mini.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Ina da shagon gyaran rediyo a Gwandu, taubashina kuma, ɗan kawuna, yana da nasa a Kalgo. Wurin maigida ɗaya muka koyi aiki, kuma tun muna can kowa ke cewa ya fi ɗan'uwansa hannu. Wasa ne irin na taubasai, ba wanda ya taɓa ɗaukar sa da zafi.

Wata Asabar sai ga wannan malami, wanda ke koyarwa a Maruda, ya shigo shagona da jitar lantarki rataye a baya. Shi da wasu abokansa malamai ne ke kiɗa a bukin rufe makaranta da walimar ma'aikata. Ya zaro wata takarda da ta sha ninki, ya ce so yake in haɗa masa kwamfuresa. Na ce, "Malam, ai mai faci na can bakin tasha, nan rediyo muke gyarawa." Ya yi dariya ya ce ba ta hura taya yake nufi ba. Ya yi mini bayani cewa in ya taɓa tsirkiya a hankali, na baya ba sa ji, in kuma ya daka da ƙarfi, lasifika kamar za ta tsage. Wani makaɗi a Sakkwato ne ya nuna masa ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, mai danne ƙarar da ta yi yawa, ya ɗago wadda ta yi ƙasa, har sauti ya zo daidai wa daida. Zanen cikinsa ne ya kwafo a takardar. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Duk ƙasar nan hannunka kaɗai na yarda da shi." Maganar da ta kashe ni ke nan.

Na duƙufa. Na fasa matattun rediyoyi da rikodoji ina ciro taransisto da kwandansa. Dabarar zanen ita ce ɗan ƙwan fitila da wata ƙwaya mai jin haske, a haɗa su baki da baki a naɗe da baƙin tef. Ƙara na hawa fitila na haske, ƙwayar na rage sauti. Sai da na je har Sakkwato kafin na sami ƙwayar nan. In an ɗauke wuta, a garwashi nake gasa ƙarfen liƙi, yatsuna duk suka yi tabo. Rediyoyin mutane suka taru a kan kanta, masu su na zuwa suna komawa da ɓacin rai. Na sa kafinta ya yi mini akwatin katako, aka goge, aka shafa mai har yana ɗaukar ido.

Malam kuwa duk Asabar yana nan. Zai jona, ya kaɗa, ya rufe ido, ya karkata kai, sannan ya ce, "Ya yi fa, amma kamar ba mai a ciki." In gyara. Mako mai zuwa ya ce man ya yi yawa. Wata rana cewa ya yi sautin ya cika sanyi. Na ce, "Malam, sauti ne ko fura?" Ko a jikinsa.

Ana cikin haka na je Kalgo gaida kawuna, na biya shagon taubashina. Me zan gani a kan teburinsa? Zanen nan sak, da rubutun Malam. Na ɗaga takardar na ce, "Wanga fa?" Ya ƙwace ya ce aikin wani malami ne da ya ce duk ƙasar nan hannunsa kaɗai ya yarda da shi. Mai hankali, da nan zai gane wa ya kamata a yi fushi da shi. Mu kuwa sai muka juya wa juna. Ya ce, "To mi za ka iya, kai da sai ka buga rediyo da tafi yake magana?" Na ce a sa rana, Malam ya gwada na kowa a gaban jama'a. Aka sa ranar kasuwa, bayan la'asar, a ƙofar shagonsa.

Ranar na ɗaure akwatina a bayan babur cikin tsumma kamar jariri, na bi ta Birnin Kebbi na isa Kalgo. Kafin Malam ya gama jona amfilifaya da batirin mota, jama'a sun taru: masunta da suka gama sayar da kifi, manoman Wurogauri da ke hanyar gida, da wani dattijo makiyayi da ya kawo gyaran rediyonsa. Taubashina ya fito da nasa, cikin tsohon gwangwanin alewa mai tsatsa, ya huda shi da ƙusa. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Nasa aka fara gwadawa. Malam na taka makunnin sai ji muka yi ɗas! kamar an harba bindiga, jakin wani mutum ya tsinke igiya ya yi cikin kasuwa. Da aka kamo jaki aka natsu, sautin ya daidaita kam, ba laifi, sai dai yana hawa yana sauka kamar numfashin mai asma. Na ce, "A kai shi asibiti tukuna." Mutane suka yi dariya, na ji daɗi.

Aka zo kan nawa. Malam ya taka, ba ɗas ba komai. Ya taɓa tsirkiya guda, sautin ya miƙe siriri, ya daɗe bai mutu ba. Ya kaɗa a hankali aka ji, ya daka da ƙarfi bai tsage ba. Wallahi kaina ya kumbura, har na fara duban taubashina ta wutsiyar ido. Sai Malam ya ɗaga hannu daga jita don ya yi magana. Wurin ya yi tsit. Shi kuma akwatina, da aka gina shi don ya ɗago ƙaramin sauti, ya shiga neman abin ɗagowa. Sai ga murya tar daga lasifika: "Ana cigiyar wani bijimi fari mai karyayyen ƙaho, ya ɓata tun ranar Talata." Ashe wayoyin da na barbaza cikin katako sun zama eriya, sun kamo tashar rediyo. Dattijon nan makiyayi ya matso ya ce, "Ɗan ƙara murya, yaro, in ji ko na wajenmu ne."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani masunci har da kwanciya a ƙasa. Taubashina ya share hawaye ya ce, "Malam, kwamfuresa ka saya, an ba ka rediyo gyara." Na juya ga Malam don ya yanke hukunci, sai ya shafa gemu ya ce, "Kowanne da daɗinsa. Ku dai ƙara dubawa." Raina ya gama ɓaci, kuma maimakon in sauke a kansa, sai na faɗa wa taubashina maganar da ba ta cikin wasa, a gaban mutane, har na taɓo ragwancinsa tun muna koyo. Fuskarsa ta canza. Na hau babur ko sallama ban yi wa kawuna ba.

Wata biyu ba mu yi magana ba. Sallah ta zo ta wuce ban je Kalgo ba, mahaifiyata ta yi faɗa har ta gaji. Sai wata safiya da damina na ɗago kai na gan shi tsaye a ƙofar shagona, jiƙe sharkaf. Ya ajiye wani sabon gwangwani a teburina ya ce, "Zuba kayanka ciki. Ƙarfe na tare rediyo, katako ba ya tarewa. Maigida ya hwaɗa muna, kai kana barci." Kunya ta kama ni. Na ba shi haƙuri, na kuma nuna masa ɗan abin da ake liƙawa a makunni ya hana shi harbi. Kwana uku muka yi tare muka haɗa guda ɗaya. Da yake ba mu da jita, da makirfo muka gwada: shi ya yi raɗa, ni in ƙwala ihu, duka su fito daidai. Ba huci, ba ɗas, ba cigiyar bijimi.

Muka yi goyo a babur zuwa Maruda, taɓo har gwiwa, sau biyu muna sauka muna turi. Muka sami Malam zaune kan tabarma a zaure, da wani dogon abu mai fararen haƙora da baƙaƙe a cinyarsa. Muka miƙa masa gwangwani da alfahari. Ya juya shi, ya yaba, sannan ya ce, "Kai, madalla! Sai dai jitar na sayar da ita tun makon jiya, ta tafi Yamai. Yanzu ai zamanin fiyano ne, shi kaɗai yana yin ganga da algaita." Muka tsaya kamar an dasa mu. Bai ko lura ba. Ya danna wani maɓalli ya ce, "Tunda kun zo, wanga ma sautinsa kamar ba mai a ciki. Ko za ku duba?"

Taubashina ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Malam, mu gyaran rediyo muka koya." Muka ɗauki gwangwaninmu muka fito. Har yau ban ji yadda sautin gwangwanin nan yake fita da jita ba, aikin baban giwa ke nan. A hanyar dawowa, tsaki kawai muke yi bi da bi, har dariya ta ƙwace mana muka kusa faɗawa rami.

Abin da na koya shi ne, duk wanda ya zo ya ce maka kai kaɗai ne gwani a ƙasa, tambaye shi shago nawa ya biya kafin naka. Kuma kada ka yarda yabon baƙo ya raba ka da ɗan'uwa, don mai yabon gobe zai sake sha'awa, ɗan'uwan kuwa shi ne zai tako ruwan sama ya zo ya gyara maka kuskurenka.