Tafiyata Cikin Gari Don Wanke Sunan Malam Garba

'Yan'uwana matan zumuntar coci, ni ce Saratu, matar marigayi Bulus kafinta na Kalambaina. Ban iya rubutu ba. Malama Hannatu ce ke rubuta mini, na kuma gargaɗe ta kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Kalambaina

Na fita ranar Asabar ƙarfe biyar da rabi, daidai ana fitowa daga sallar asuba. Ga abin da ya fitar da ni.

Shekara biyu ke nan da maigidana ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa cikin zafin bazara. Maƙwabcinmu Malam Garba mahauci ne ya sauke naman da zai kai kasuwa, ya shimfiɗa tabarma a bayan a-kori-kurarsa, muka nufi asibiti. A kan cinyata maigidana ya cika, Malam Garba yana tuƙi yana salati. Matarsa Kulu ta dawo ɗakina da kwana har aka share makoki. Har gobe in na ji ƙarar zarto sai hawaye, ba na kuma ɓoyewa.

Bayan jana'iza wani matashi daga Jos, Danjuma, ya zo yana tattara shaidar gwauraye don ya yi littafi. Na ba shi labarina ban rage komai ba. Bana littafin ya zama fim. A ciki akwai kafinta Kirista a garin da ake yin siminti kamar Kalambaina, akwai mahauci maƙwabcinsa. Kafinta ya faɗi, matarsa tana bugun ƙofofi ba mai buɗewa, mahauci yana zaune yana wasa wuƙa. 'Yar Kulu ta gani a waya, ta nuna wa uwarta. Tun daga ranar, sati uku, in na gaida Kulu sai ta ɗaga kai kawai ta shige. Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Da na ji za a haska fim ɗin a zauren babban coci cikin Sakkwato, Danjuma ne ma da kansa ya kawo shi, sai na ɗaura zanen zumunta na ɗauki sandata.

Kan hanya

Keke Napep na samu a bakin titi, naira ɗari biyar zuwa tasha. Direban Basakkwace ne mai surutu. Ya ce, "Inna, ina za ki da sassahe haka?" Na ce za ni wajen wani da ya yi ƙarya. Ya yi dariya ya ce ashe sai ya tsaya ƙofar kowane gida a garin.

A shingen shiga gari ɗan sanda ya leƙa jakata, ya ga man zafi da goro biyu, ya ce mu wuce. Ƙarfe bakwai saura muka isa tasha. Na ci masa uku da miyar taushe, don faɗa ba ya yiwuwa da yunwa. Gwiwata ta hana ni tashi da wuri, sai takwas da rabi na hau keke na biyu.

Ofishin fasto

Na jira awa ɗaya a kan benci kafin faston babban cocin ya fito daga taro. Mutumin kirki ne, shi ya yi wa'azi a jana'izar maigidana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in yi haƙuri: an riga an gayyaci coci-coci, fim ɗin yana ƙarfafa masu bi, kuma ba a kira sunan kowa ba. Na tambaye shi mahauta nawa ne suka haɗa katanga da kafinta a Kalambaina. Ya ce ai tsananin da ake wa masu bi gaskiya ne, ba ƙirƙira ba.

Na ce, "Baba Fasto, ni za a gaya wa tsanani? Na taɓa kwana uku a bariki da goyo a bayana, gudun rikici. A yi fim ɗin wanda ya kore mu. Wanda ya ɗauki mijina, a bar shi."

Ya kwatanta mini masaukin baƙin da Danjuma ya sauka, tafiyar minti ashirin a ƙafa. Ni ta ɗauke ni arba'in, rana ta riga ta buɗe.

Masaukin baƙi

Danjuma ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya kawo ruwan sanyi. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, bai musa ba. Ya ce labarin gwauraye huɗu ya haɗa ya zama ɗaya, ƙofofin da aka rufe na wata mata ce a wani gari, wuƙar kuma ra'ayin mai ɗaukar hoto ce. Ya ce fim in babu mugu a ciki ba mai kallo. Na ce, "Ɗana, ka rasa mugu a duk ƙasar nan sai a bayan katangata?"

Ya ce fim ya riga ya shiga wayoyi, ba a iya janyo shi. Don ya wanke laifinsa sai ya ce za a ajiye mini kujera a sahun gaba. Na karɓa. Na yini a inuwar dogonyaron masaukin, na sha fura da nono daga wata Bafillatana, na yi ta tunanin maigidana, wanda ko kujera ya ƙera ta karkace sai ya warware ta.

Zauren coci

Ƙarfe huɗu aka fara. A ƙofa an bi jikinmu da na'urar bincike, an so a riƙe sandata, na hana. Zauren ya cika. Ba zan ɓoye ba, waƙar farkon fim ɗin tana da daɗi, wanda ya fito a kafintan kuma har ɗingishin maigidana ya iya. Na yi kuka sosai.

Da aka zo wajen wuƙa sai na dafa sanda na miƙe a gaban hasken, inuwata ta rufe mahaucin. Wasu suka ce in zauna. Masu tsara zama biyu suka taho, suka ga furfura da zanen zumunta, suka tsaya. Na juya na fuskanci jama'a.

Na ce, "Ni ce matar nan da kuke yi wa kuka. Ba ƙofar da aka rufe mini. Mahaucin nan sunansa Garba, Musulmi ne, namansa ya lalace a rana don ya ɗauki mijina. Matarsa Kulu kwana bakwai ta yi a ɗakina. An hana mu shaidar zur, ban kuma ji an ce sai a kan Kirista kaɗai ba."

Danjuma ya kashe na'urar haska fim ɗin. Wani dattijo a baya ya ce tsohuwa ta ɓata taro. Wasu mata suka ce amin. Na ga wayoyi a sama ana ɗaukata. Danjuma ya karɓi lasifika ya ce zai sa rubutun gyara a farkon fim ɗin. Ko ya sa ko bai sa ba, ku masu karatu sai ku duba ku gaya mini. Ina fita na ji sun ci gaba da kallo.

Gida

Keke biyu suka maido ni, na sauka ƙarfe shida da kwata. Ƙafata ta kumbura, ban kuma san ko tafiyar ta yi amfani ba. Ina cikin neman makulli sai ga Kulu tsaye a ƙofarta, wayar 'yarta a hannu. Ashe maganata ta riga ni isowa Kalambaina.

Ta dube ni sama da ƙasa, fuska a murtuke. Ta ce, "Ke Saratu, gaban mutane kic ce kwana bakwai? Tara niy yi."

Na ce to ta yafe mini biyun. Ta ce sai ta yi shawara. Ta karɓi jakata, ta kama hannuna muka shiga gidanta, tana mitar wa ya ce tsohuwa da wannan gwiwa ta yini a rana.

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya maido ni. Na gode wa Malama Hannatu da haƙurin tsayawa duk lokacin da kuka ya ci ƙarfina.