Ranar da Kawu Ya Ƙi Tashi Daga Rumfa

Ko kiran assalatu ba a yi ba muka ɗora wa jaki kaya, ni da kawuna, muka nufi bakin hanyar mota. Takardar tafiya Makka za mu nemo masa a Sakkwato. Shekara biyu ayarin mahajjata na tashi ya bar shi saboda takardar nan, ga ƙafafunsa sun fara ƙi masa. In bana ta wuce, kowa a gidanmu ya san shi ke nan.

Motar da muka samu ta albasa ce. Muka hau kan buhuna, hanya duk gargada, kawu na jan carbi, ni ina ta hawayen da ba na tausayi ba. Da hantsi muka haye gulbin Rima, ruwa shimfiɗe, shinkafa kore shar har iyakar ganinka. A Ƙofar Rini muka sha furar kwabo mai kauri, wadda a ƙauyenmu sai gidan biki.

Mun zo da shirin daɗewa: tabarma, garin gero, da goro na kowace ƙofa. Bara haka muka yi ta yawo. Mai hatimi ya tura mu wurin mai lambar rigakafi, mai lamba ya ce sai shaidar hakimi, kafin mu samo ta wa'adin hatimin farko ya cika, aka ce mu sake daga tushe. Har damina ta kore mu gida.

Bana wani dattijo ya nuna mana doguwar rumfa guda. Wallahi tsayawa na yi baki buɗe. Duk mutanen da muka sha rana muna nema ƙofa ƙofa, ga su jere kan tebura kusa da juna. Sau ɗaya aka tambayi kawu sunansa da garinsu. Aka yi masa lamba a dantse, aka ɗauke shi hoto, takarda na tafiya daga hannu zuwa hannu, shi yana zaune abinsa. Na miƙa wa masinja goro, ya mayar mini da shi cikin ladabi.

Kafin azahar malamin ƙarshe ya miƙo takarda. Kawu ya karɓa, ya gyara zama, ya ƙi tashi.

"Baba, mi kaka jira?" in ji malamin.

"Jira nika yi ka ce in dawo gobe, ɗana."

Malamin ya yi dariya. "An daina wanga, Baba. Manya sunka duba sunka ga tambaya guda aka yi ma mutum ƙofa biyar, sunka ce a haɗe mu wuri guda. Tahi gida ka yi shiri."

Sai da na kama hannunsa sannan ya miƙe. Duk hanyar komawa hannunsa na dafe da aljihun da ya sa takardar. Ni kuwa abin da na gano shi ne, ashe wahalar da muka ɗauka ƙaddara ce mutane ne suka shirya ta, kuma in sun so suna iya warware ta.

Muna shiga gida yara suka taru, matar kawu ta fito tana tambayar ko mantuwa muka yi. Kawu bai ko zauna ba ya ce mata, "Buɗe adaka ki hiddo mani likkahwanina. Ni za ni kai shi Makka in wanko shi da ruwan Zamzam da hannuna."