Buɗe-mu-gani da Makunnin Na'urar Ƙoda

Mijin yayata mutum ne da ba ya iya zama kusa da abu a rufe. In ka ba shi agogo ya riƙe maka ka shiga wanka, kafin ka fito ya baje shi a kan tebur yana ƙirga haƙoransa. Tun kafin ya auri yayata ake kiransa Buɗe-mu-gani, don maganar da ta fi zama a bakinsa ke nan. Rediyo ya yi shiru, a buɗe mu gani. Fanka ta fara kuka, a buɗe mu gani. Yayata takan ce da ita ma da noti aka ɗaure ta, da tuni ya gano abin da ke sa ta faɗa.

Ba shi da takardar injiniya. Ya shiga asibitinmu yana saurayi a matsayin mai canza ƙwan fitila, yau shekara ashirin da bakwai, a hankali duk abin da ke cin wuta a ginin ya koma hannunsa. Ɗakin aikinsa yana ƙarƙashin matakala, bayan ɗakin wanki: tebur ɗaya, kujera mai ƙafa uku da rabi, da gwangwanaye jere a kan katako, kowanne cike da noti da waya da gutsattsarin abubuwan da suka mutu. Ni nake riƙe da sito, kuma a ƙa'ida duk abin da ya lalace a wurina ya kamata ya ƙare. Amma ban taɓa karɓar gawar wata na'ura daga hannunsa da kayan cikinta ba.

Abin da ya fi so a duniya bayan 'ya'yansa huɗu, wasu ranakun ma kafin su, shi ne na'urar fasa tsakuwar ƙoda. Mara lafiya zai kwanta a kan gado, na'urar ta yi ta aika bugu ta cikin fata har tsakuwar ta zama gari, ya fitar da ita a fitsari, ya koma gida ranar ba tare da wuƙa ta taɓa shi ba. Ita kaɗai ce a duk yankinmu, wadda ke bi mata tafiyar kwana biyu ce a mota. Masu ita sun ce shekara takwas za ta yi. A hannunsa ta shiga ta goma sha ɗaya.

A cikinta akwai wani abu kamar ƙaramin gwangwanin madara, farin tangaran da kan tagulla biyu, wanda ke sakin wuta mai ƙarfi cikin ƙiftawar ido. Makunni yake ce masa, mu ma muka bi. Duk bayan shekara ɗaya da rabi yakan ƙone, ni in rubuta wa kamfanin da ke ƙera shi a ƙasar waje, cikin mako uku a kawo sabo a ɗan kwali.

Bana ya ƙone ranar wata Talata da mutum a kan gado. Na rubuta kamar kullum. Maimakon kwali, sai ga fom mai shafi goma sha huɗu. Wasiƙar da ke tare da shi ta ce gwamnatin ƙasarsu ta canza dokar fitar da kaya. An sa makunni cikin jerin kayan da suke kira masu amfani biyu, wato abin da ke aiki a asibiti amma zai iya aiki a hannun masu haɗa makami. A da lasisi ɗaya kamfanin ke da shi na duk asibitoci, yanzu kowane guda sai an nema masa nasa. Sai an faɗi wanda zai yi amfani da shi, da ɗakin da zai zauna, da wanda ke riƙe da makulli. Duk wannan na cika ina shan shayi. A shafi na tara na ajiye kofin: duk makunnan da suka taɓa shigowa asibitin, guda bakwai, ga lambobinsu, sai an mayar da su a rufe yadda aka aiko su.

Na sauka ƙarƙashin matakala da takardar. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

“Yaya, ina bakwai ɗin?”

“Suna nan.”

“A ina?”

“Suna aiki.”

Ya zaga da ni. Tangaran ɗin na farko yana cikin tukunyar dafa kayan tiyata, yana raba wayoyi biyu da suka saba haɗuwa. Tagullar na biyu da na uku tana jikin janareta. Rabin na huɗu yana kan teburin likitar ƙoda, shekara huɗu tana zuba biro a ciki tana tsammanin kyauta ce ta yi mata kyau. Wani ɓangare yana gida cikin dutsen gugar yayata. Na bakwai kuwa, wanda ya mutu ranar Talata, ya riga ya sa masa zarto ranar Laraba.

Da farko dariya muka yi. Ya ce wane mahaukaci ne zai yi yaƙi da abin da ya ƙone. Na ce in sun zo kama shi, ni a matsayina na ƙanin mata zan ba da shaida cewa tun ranar ɗaurin aure danginmu suka san ba lafiya ba. Ya ce ai da ma danginmu ba su taɓa gyara komai ba sai zama.

Dariyar ba ta kai mako biyu ba. Barandar ɗakin ƙoda ta fara cika. Wanda bai taɓa ganin mai ciwon tsakuwa ba ba zai gane ba: ƙato da gemu zai kwanta a kan siminti yana riƙe da kwiɓi yana kiran uwarsa. Likita ta fara tura waɗanda abin ya tsananta ɗakin tiyata a yanka su. Akwai wata malamar makaranta mai ƙoda ɗaya, wadda Likita ta ce ba ta son sa mata wuƙa in akwai wata hanya. Kullum tana zaune a kan benci da jakar littattafan da take makin, in mijin yayata ya zo wucewa ta gaishe shi ta tambaye shi ko kaya sun iso. Ya daina bi ta barandar. Ya koma zagayawa ta bayan gini cikin rana.

Kwana tara ya yi yana tattara gutsattsarin. Duk inda ya cire ɗaya sai ya ƙirƙiro abin da zai maye gurbinsa. Ya aro farin zanen gado daga ɗakin wanki ya shimfiɗa, ya jera su layi bakwai. Matsalar ita ce lambar kowanne a gefen tangaran take, daidai inda zartonsa ya bi. Huɗu suna karantuwa, biyu rabi-rabi, ɗaya ta bi ƙura.

Kamfanin ya yarda a yi magana ta bidiyo. Muka zauna a ofishin shugaban asibiti, da shi da Likita da ni da mijin yayata cikin riga mai guga. Mun riga mun karanta masa darasi: ka ce rashin sani ne, ka ba da haƙuri, ka rufe baki. Wadda ta bayyana a allo dattijuwa ce mai furfura, ita ke kula da bin doka a kamfanin, mai fara'a kamar uwar ɗakin wani. Ya ba da haƙuri da guntun Turancinsa yadda aka koya masa, ya nuna mata zanen gadon. Ta gyaɗa kai. Har na fara sakin numfashi.

Sai ta tambaye shi me ya sa yake buɗe su.

Shekara ashirin da bakwai ana tambayarsa ko ya gama, ko yaushe zai gama, ko wa ya sa shi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya sa. Na ga fuskarsa ta washe, na san mun shiga uku. Ya ce yana so ya san abin da ke kashe su ne. Ya ce ya gano kan tagullar gefe ɗaya yake cinyewa. Ya ce ya auna tazarar da ke tsakanin kawunan biyu, ya faɗi awon. Na taka masa ƙafa, ya janye ƙafar ya ci gaba. Ya zaro littafi daga aljihu ya buɗe wa kyamara, shafi bayan shafi, zanen cikin makunni da fensir, tsaf kamar na ɗan jarrabawa.

“Da zan samu irin wannan tangaran ɗin da iskar da kuke ɗurawa a ciki,” ya ce, “da ni da kaina zan haɗa, mu daina damun ku.”

Taimako yake nufi. Duk wanda ke ofishin ya san taimako yake nufi. Matar ta daina murmushi, ta ɗauki biro. Ta tambaye shi ko wani ya taɓa ganin littafin. Ya ce ya nuna wa duk wanda zai tsaya, sai dai ba mai tsayawa.

Da muka fito yana ta murna, wai a ƙarshe ya gamu da mai fahimta.

Bayan mako uku amsa ta zo. An hana lasisi. Dalili: an buɗe kayan da doka ta sa wa ido, an yi nazarinsu, an zana su, kuma wanda ya yi ya faɗa da bakinsa cewa zai iya ƙerawa. Za a iya sake nema bisa sharaɗi. A aika musu da gutsattsarin da littafin. Ma'aikacinsu ne zai zo ya ɗaura sabon, ya sa hatimi. Shi kuma mutumin, ba sunansa suka rubuta ba, mutumin suka ce, kada ya sake shiga ɗakin, kada ya taɓa na'urar, kada ya ba da shawara a kanta. Kuma dole asibiti ya sa hannu, shi ma ya sa.

Shugaba ya buga tebur ya ce wannan cin mutunci ne, zai rubuta wa ma'aikatar lafiya. Na tuna masa cewa wasiƙar da muka rubuta musu kan rufin ɗakin haihuwa ta yi jika ba amsa. Mijin yayata ya tambaya, in ya sa hannu wata nawa za a ɗauka. Aka ce uku, ko huɗu. Ya tambayi labarin malamar makarantar. Likita ta ce ta riga ta tafi asibitin can mai nisa, a kwance a bayan motar ƙaninta, amma akwai mutum goma sha shida a layi.

Ya karɓi birona ya sa hannu. Makullin ɗakin ne ya ba shi wahala. Mutumin da ke kwance agogo da farce ya kasa zare makulli ɗaya daga zobe, sai da na karɓa na cire masa. Littafin kuwa ya ce in naɗe shi da leda don kada ruwa ya taɓa shi a hanya.

Yayata ta kira ni ta wanke ni tas. Ta ce ni da takarduna na kashe mata miji da ransa, ya dawo gida ya zauna ba uhm ba uhm-uhm, abinci sai ta tsaya a kansa. Na ce Yaya, dokar wata ƙasa ce, ba ni na rubuta ba. Ta ce to wa ya kai masa shafi na tara.

A wata na huɗu makunni ya iso, tare da wani mutum mai tumbi da jakar ƙarfe. Awa biyu ya yi a ɗakin, ya sa hatimin dalma, ya ɗauki hoto, ya kama hanyar filin jirgi. Washegari aka kwantar da na farko a layi, ma'aikatan jinya har da tafi. Na sauka in kai wa mijin yayata albishir. Ɗakin na'urar a saman nasa yake. Na same shi zaune da tayar keken marasa lafiya a cinya, bai taɓa ta ba, kansa a karkace yana sauraron silin.

“Kana ji?” ya ce.

“Ina jin tak, tak, tak. Ta tashi, Yaya.”

“Kowane bugu na biyar yana makara. Mutumin nan bai ɗaure wayar ƙasa sosai ba, wadda ke zubar da rarar wuta. In aka bar shi haka, makunnin ba zai kai wata huɗu ba.”

Na ce to mu hau mu gaya wa Likita. Ya girgiza kai, ya jawo filaya.

“Na sa hannu,” ya ce.

Na hau ni kaɗai. Na jira a baranda har ta fito wanke hannu, na ce mata kunnena yana gaya mini kowane bugu na biyar yana makara, kuma ina zargin wayar ƙasa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ni da ko batirin tocila sai na juya shi sau biyu. Ba ta tambaye ni inda kunnena ya yi karatu ba. Ta zaro biro ta rubuta a bayan katin mara lafiya, kalma bayan kalma. Ta ce za ta sanar da kamfanin, amma fasa hatimin ma sai an nemi izini, kuma mutuminsu ba zai dawo ƙasa da mako shida ba. Na tambaye ta ko za a kashe na'urar kafin nan.

Ta juya ta kalli bencin. Wani dattijo yana durƙushe a gabansa, ya ɗora goshi a kan katako, matarsa tana masa fifita da takardar gwaji. Likita ta mayar da biron aljihu, ta ce wa ma'aikaciyar jinya a shigo da na gaba.