Abin da na rubuta a bayan hoton Bulama

Ana sallame asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina, za mu Kirikasamma koya wa matasan wata ƙungiyar masunta yadda ake haɗa shafin intanet. A Jahun muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya yi ƙanana kamar ana jin haushinsa. Daga Hadejia zuwa gaba kuwa sai shinkafa kore shar dama da hagu, ga ciyawar kacala ta cinye bakin ruwa, ga ramukan da suka hana ni gyangyaɗi.

Darasin ranar shi ne sifofi, wato ƙarin bayanin da ake saƙalawa cikin alamomin HTML, harshen da ake rubuta shafin intanet da shi. Na yi musu dalla-dalla: src ke faɗin inda hoto yake, alt kuma ke riƙe da bayanin hoton, ba a ganinsa sai hoto ya ƙi buɗewa. Har da cewa kada su yi wasa da alt. Ni da bakina.

Don misali na haska musu a bango shafin da na haɗa wa ƙungiyar da hotunan da suka turo mini. Bulaman garin, wanda ya sauke mu a gidansa ya ba mu zaurensa, yana zaune a gaba. Shi zai ce a ci gaba da karatun ko a bari. To, a Kano hoto ba ya ƙin buɗewa, shi ya sa na cike alt da abin da ya zo mini a ka. A nan sabis sai ka ɗaga waya sama. Hoton Bulama ya ƙi fitowa, sai rubutu ɓaro-ɓaro: "wani tsoho mai ƙaton tumbi".

Bulama idonsa ya yi rauni, ya ce a karanto masa. Kowa ya sunkuyar da kai. Dole ni na karanta. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Bulama ya shafa cikinsa. "Tumbin dai nawa ne, ɗana, ban musa ba. Amma ina da suna."

A gabansu na goge, ya faɗi sunansa da sarautarsa, na rubuta. Ya ce a ci gaba da karatu. Ban san me na koyar bayan nan ba.

Washegari ya rako mu har mota da kwandon bandar kifi. Muna isa gida na bi tsofaffin shafukana kaf ina duba alt, don na gane ba wani lungu a shafi da ido ba ya kaiwa. Iyalina sun ci kifin suna santi. Ni har yau na kasa kiran Bulama in yi masa godiya.