Shekara Biyun da Ɗana Bai Yi Ba

Har yau ban yafe wa malamin asibitin da ya ƙara wa ɗana kwana a takarda ba.

Ya zo Ɗanzomo da rani, yana bin gida-gida yana tambayar mata tsawon shayarwa. Kowace ta ce shekara biyu, tunda haka ake yaye a garinmu, ko da kuwa sabon ciki ya sa ta cire yaro da wuri. Da ya iso kaina sai komai ya dawo mini kamar mafarki: ƙamshin kunun kanwa, ɗumin yaron a bayana kan hanyar Maigatari.

Na ce, "Malam, gero na fitar da kai ya zo, kuka na zubar da ganye ya koma."

"Baiwar Allah, wata nawa ke nan?"

Na lalubo watannin, suka narke cikin juna. Surukata ta ce, "Sa shekara biyu, kamar na kowa." Ya sa.

To, in aka tara amsoshin nan a Kano, wa zai san 'ya'yanmu na mutuwa da nono a baki?

Washegari na yafa gyalena, na nufi ajin yaƙi da jahilci don in koyi ƙidayar watanni.