Ranar da Banki Ya Rufe Katin Malam Isyaku

Malam Isyaku ya yi shekara talatin da biyu yana koyarwa a firamare kafin ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Tarauni. Mutum ne mai tsare gida, ba ya son a gyara masa magana. Fanshonsa ta banki yake shigowa, katinsa kuwa kullum yana aljihun gaba, naɗe a leda.

Wata Talata da hantsi wani ya kira shi, murya a natse, ya ambaci cikakken sunansa har da makarantar da ya bari. Ya ce daga ofishin fansho ne, ana sabunta rajista, wanda bai yi yau ba sai baɗi. Malam ya karanto masa lambobin katin, gaba da baya, haɗe da wata lamba da ta shigo masa ta saƙon waya. Har godiya ya yi masa.

Da la'asar ya je kantin magani a Gyadi-Gyadi sayo wa matarsa Hajara maganin hawan jini. Sau uku na'ura tana ƙin katin, ga mutane a bayansa. Ya ajiye maganin ya fita.

Washegari a banki aka tura shi teburin wata ma'aikaciya, Esther, 'yar Kafanchan. Bai bari ta buɗe baki ba. Ya kira su ɓarayin zaune, ya ce mata marar tarbiyya, ya buga tebur har mai gadi ya leƙo. Ta bari ya gama, sannan ta juyo masa da kwamfuta. Jiya kafin azahar an yi ta ƙoƙarin sayen wayoyi da katinsa daga Legas, alhali shi ko allura bai taɓa saya ta intanet ba. Kwamfutar bankin ta ga abin bai yi kama da halinsa ba, ta hana, ta rufe katin. Sun kira shi sau biyu bai ɗaga ba. Ya tuna ya ga kiran, ya ɗauka 'yan damfara ne.

Ta rage murya don kada na baya su ji. "Baba, akwai wanda kuka ba lambar da ta shigo wayarku?"

Ya ce babu. Ta ɗan dube shi, ta ce to, ta miƙo masa takardar neman sabon kati. Kuɗinsa na nan ba a taɓa ba. Da ƙyar ya sa hannu.

A gida ya ce wa Hajara na'urar banki ce ta samu matsala. Sau biyu yana zuwa ƙofar bankin don ya ba Esther haƙuri, yana juyawa. A zuwa na uku ya shiga, aka ce an mayar da ita Kaduna. Ya roƙi takarda, ya rubuta mata cewa shi ya bayar da lambar, kuma ta yafe masa. Ya bar wa wanda ya gaji teburinta. Har yau bai san ko ta isa hannunta ba.